Bindigar Kakana Da Ta Babana: Tarihin Da Muka Sayar A Kan Sikeli

Yau ina so ne mu ɗan yi waiwaye, tunda masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Maganar tawa a kan tsofaffin bindigogi ce, kuma na san da jin kalmar bindiga gaban wani ya faɗi, don haka tun farko ina roƙon mai karatu ya kwantar da hankalinsa. Ba irin wadda ke hannun ɓarayin daji nake nufi ba. Ina nufin irin wadda ke rataye a zauren kakanninmu, ko take kwance a ƙarƙashin gado shekara hamsin ba a ji ƙararta ba. Akwai irinsu guda biyu a gidanmu. Yanzu babu ko ɗaya, kuma sai bayan sun tafi ne na zauna na binciki abin da muka rasa.

Bindigogi biyu a ɗaki ɗaya

Ta farko doguwa ce baƙa, bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, tsofaffi kuma su ce mata adaka. In aka tsayar da ita a ƙasa bakinta yakan kai haɓar babban mutum. An naɗe gindinta da jar fata, an ɗinka mata layu biyu da 'yan wuri, sannan akwai ɗan dutsen ƙanƙara, irin na ƙyastu, a maƙale a ƙarfen da ke bugawa ya ba da wuta. Mu Agalawa ne daga ƙasar Kano, sana'ar gidanmu tun fil azal fataucin goro ce, kuma abin da muka taso muka ji shi ne kakan kakana ne ya sayo ta a hanyar Gwanja don tsaron ayari. Da Kaka ya rasu aka raba gado sai ta faɗo a rabon Baba, shi kuma ya naɗo ta a tabarma ya kawo ta Mpape, a lokacin da mutum zai iya yin irin wannan tafiya ba tare da an yi masa wata fassara ba.

Ta biyun ƙarama ce, bindigar iska, wadda yara ke kira bindigar harbin tsuntsu. Ita ba ta cin albarushi. Karya ta ake yi a tsakiya, a saka 'yar ƙwayar darma guda ɗaya, a mayar, in an ja kunama sai sifirin da ke cikinta ya tunkuɗo iska ta fitar da ƙwayar. Baba ya saye ta ne a shekarun 1990, cikin kayan gwanjon wani Bature ma'aikacin ɗaya daga cikin kamfanonin fasa dutse na nan Mpape da zai koma gida. Ya harbi kurciya da hasbiya da ita a bayan duwatsu tun wuraren suna daji, ya kuma rage mugun iri a cikin gafiyoyin da ke yi mana ɓarna a sito. Daga baya sifirin ya mutu, sai ita ma ta koma ƙarƙashin gado kusa da 'yar uwarta.

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar sallah, labari ya zo cewa an tare wata babbar mota a garin Uromi na jihar Edo, an ga bindigogin toka a ciki, an kashe mutum 16, mafarauta 'yan jihar Kano da ke hanyarsu ta komawa gida sallah daga jihar Ribas. Allah Ya ji ƙansu. A daren da muka ga hotunan Baba bai yi barci ba. Da asuba bayan mun dawo masallaci ya ce in jawo masa tabarmar nan. Na gane nufinsa, na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar ta Kaka, ai ita tarihi ce." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro ne. In aka zo bincike aka ga wannan a ɗakin Bahaushe a Abuja, wa zai tsaya ya saurari tarihin Gwanja?" Ban da amsa. Abin da na samu kawai shi ne ya bar ni na ɗauki hotunansu da waya, na kwafi alamomin da ke jikin ƙarfen a takarda, na cire ƙanƙarar da jar fatar na ajiye. Kafin azahar mai walda ya yanka su gunduwa-gunduwa, 'yan gwangwan sun ɗora a sikeli. Kuɗin da aka ba mu bai kai na mudun shinkafa biyu ba.

Ban ga laifin Baba ba, kuma har gobe ba zan gani ba, domin in gemun ɗan uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. To amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na shiga tambayar tsofaffi da karance-karance, kuma ga abin da na samo.

Daga ina bindiga ta zo mana?

Sunan kansa ya isa ya nuna hanya. Bindiga daga Larabci take, wato bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, wanda ke nufin darma. Ke nan kafin mu san Baturen teku, ta hannun Larabawa da Barebari muka fara jin labarin wannan makami. Wani abin sha'awa shi ne, a Larabci bunduƙ sunan wani ɗan ƙaramin ɗan itace ne mai ɓawo, daga nan aka riƙa kiran 'yan dunƙulen yumɓun da ake harbin tsuntsu da su da wannan suna, tun kafin a san albarushi. In haka ne, 'yar bindigar tsuntsun Baba ta fi kowace kusa da asalin sunan.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda (1421-1438), a cikin kayan da wani basarake mai suna Dagaci ya zo da su daga Barno, ko da yake masana da yawa suna ganin lokacin ya yi wuri ƙwarai. Inda magana ta tabbata shi ne Barno a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, inda limamin Mai Idris Alooma, wato Ahmad Ibn Fartuwa, ya rubuta cewa sarkin nasa yana da 'yan bindiga Turkawa da kuma bayin gida da aka koya wa harbi. A cikin wannan zamani ne kuma, a 1591, rundunar Maroko ta ƙetaro Sahara da bindigogi ta karya daular Songhai a Tondibi, duk da cewa mutanen Songhai sun ninka su yawa.

A Kano kuwa, littafin ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka kawo garkuwoyi daga Nupe, aka kuma kawo bindigogi. Sannan ya ce Babba Zaki (1768-1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan. Fiye da shekara 250 da suka wuce, in an ce ɗan bindiga a Kano, ana nufin bawan sarki mai ɗamara, wanda ke tafe gaban sarki ranar hawa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga jikokinsu, ya ji ƙarar da ke tayar da tantabaru, ya shaƙi hayaƙin albarushi. Yau kuwa in rediyo ta ce 'yan bindiga, kowa ya san ba su ake nufi ba. Har sunan an ƙwace musu.

Me ya sa ba ta kori baka da doki ba?

Da na fara karatun nan na ɗauka da zuwan bindiga sai kowa ya yar da kwari da baka. Ashe ba haka ba ne. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, tun daga Tabkin Kwatto, da baka da mashi da takobi aka yi shi, daga baya dawakai suka yawaita. Shekara 22 bayan haka, a 1826, Baturen nan Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa wani birnin Gobirawa hari, ya kuma ƙirga bindigogin da ya gani: mutanen Kano suna da 41, na Zazzau suna da guda ɗaya tak, a cikin dubban mayaƙa. Ya ce duk masu riƙe da su bayi ne, kuma da zarar mutum ya harba sai ya ruga inda kibiya ba za ta same shi ba, ya sake ɗuri. Da na karanta wannan sai da na yi dariya ni kaɗai, domin ga harba-ka-ruga nan tun shekara 200 da suka wuce.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin ana ɗura ta. Ta baki ake zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba harsashi, a daddanna da sandar ƙarfe, sannan a ɗan barbaɗa albarushi a gefe inda ƙanƙara za ta ba da wuta. Kafin a gama wannan, gwanin baka ya saki kibiya biyar ko shida, kuma masu dafi. In damina ce albarushi ya jiƙe, ta zama sanda. In an cika mata ciki kuma takan fashe a hannun mai ita, shi ya sa tsofaffin maharba da yawa yatsunsu ba su cika ba. Amfaninta babba shi ne ƙara da hayaƙi, masu firgita doki da wanda bai saba ba. Ga ayarin fatake irin na kakannina wannan ya wadatar, domin ɗan fashi in ya ji ƙara ɗaya ya san ayarin ba na banza ba ne.

Akwai kuma dalili na biyu, wato samunta. Ƙasar Hausa tana tsakiya ne, nesa da teku, nesa da Tarabulus, kuma duk wanda ke tsakaninmu da masu sayarwa ba ya so ta wuce shi. Sarakunan Asante sun hana a wuce da bindiga da albarushi zuwa arewa ta kasuwar Salaga, wadda ita ce Gwanjar da fatakenmu ke zuwa sayen goro. Sai bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ƙarfin Asante ya ragu a arewa, hanya ta buɗe. Haka nan a Bida, Etsu Masaba, wanda ya rasu a 1873, ya riƙe cinikin bindiga da Turawan kogin Kwara a hannunsa. A Damagaram ne aka samu sarkin da ya nemi mafita ta kansa: Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, ya kuma sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a cikin birninsa. Wannan ne ya sa Damagaram ta zame wa Kano ƙarfen ƙafa a ƙarshen ƙarnin.

Haruffa uku a jikin ƙarfe

Yanzu bari in koma kan takardar da na kwafi alamomi. A gindin bututun bindigar Kaka, ƙarƙashin tsatsa, akwai wani ɗan da'ira mai siffar ƙwai, a cikinsa an buga haruffa uku, E da L da G, da ɗan tauraro a ƙasa. Shekara da shekaru muna ɗauka sunan wani Bature ne. Ashe hatimin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Liège a ƙasar Beljiyam, wanda ake bugawa tun farkon ƙarni na 19 a kan duk bututun da aka gwada aka ga bai fashe ba. Birmingham ta Ingila ita ma tana da nata gidan gwajin tun 1813, da nata hatimin daban. Waɗannan birane biyu su ne suka ƙera mafi yawan bindigogin da aka riƙa jibgewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma.

Turawa suna kiran irin wannan bindiga da sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar ne suka yi suna wajen sayar da ita daga ganuwarsu ta Christiansborg da ke Ankara, wato Accra ta ƙasar Ghana a yanzu. Sun sayar wa Ingilishi ganuwoyinsu a 1850 sun tafi, amma sunan ya zauna, ko da a Beljiyam aka ƙera ta ko a maƙerar ƙauye.

To in aka haɗa wannan hatimi da labarin gidanmu, sai a ga sun yi daidai. Kakan kakana ya yi fataucinsa ne wajen shekarun 1880, bayan an karya takunkumin Asante, lokacin da bindigar Liège za ta iya tasowa daga bakin teku ta iso kasuwannin goro. Hatimin bai ba da shekara ba, domin an daɗe ana amfani da shi, amma ya tabbatar mini cewa maganar da Kaka ke yi a zaure ba tatsuniya ba ce. Wannan ƙarfe ya taso daga Turai a jirgin ruwa, ya hau kan ɗan dako, ya bi jakuna ya ƙetare Kwara, ya kwana a zango fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ya zauna a ƙasar Kano shekara ɗari, sannan ya zo ya ƙare a sikelin 'yan gwangwan a Mpape.

Yadda aka bar mu da tsohon yayi

Tambayar da ta dame ni ita ce: a shekarun 1880 ai Turawa sun riga sun daina yaƙi da bindiga mai ƙanƙara, don me ake ta kawo mana ita har cikin ƙarni na 20? Amsar tana birnin Brussels. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya da suka ce ta hana cinikin bayi ce, a cikinta kuma suka haramta sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya kama daga cikin Sahara har zuwa kusa da kudancin nahiyar. Abin da aka yarda a sayar mana shi ne mai ƙanƙara marar zare a cikin bututu, da albarushin kasuwa. Wato dai an zaɓa mana makamin da za a same mu da shi.

Sakamakon bai jima ba, kuma daga nan maƙwabtanmu ya faro. Mai karatu ya sani Abuja ta asali ita ce Suleja ta yanzu, garin da Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Zazzau na Haɓe da jihadi ya koro kudu, ya kafa a 1828 a tsakiyar ƙasar Gbagyi da Koro. Kusan shekara 75 Fulanin Zariya ba su iya cin ta ba, amma a 1902 Turawa suka shige ta. A watan Oktoba na wannan shekara Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, Lugard kuma ya samu hujjar da yake nema. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano da soja ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya, mai ruwa ta zubar da harsashi ɗaruruwa. Kano ta faɗi a yini guda, Sakkwato ta bi ranar 15 ga Maris, aka ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin sojan da ke bayan waɗannan bindigogi 'yan ƙasa ne, da Hausawa a cikinsu.

Daga nan adaka ta sauka daga fagen yaƙi ta koma hannun maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar sarki, maƙeranmu kuma suka koyi yin tasu. Duk wadda ta rage a wani gida yau, shaida ce ta wannan zamani gaba ɗaya.

Ita kuma 'yar ƙaramar fa?

Na daɗe ina raina bindigar iska, ina ganin kayan wasan yaran Turawa ce. Ashe ita ma tana da nata asalin. Mafi tsufar da aka sani an yi ta ne wajen 1580, tana ajiye a gidan tarihin makamai na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin. Wajen 1779 wani maƙeri mai suna Girardoni ya ƙera wadda ake cika wa iska da famfo a cikin gindinta, tana ɗaukar ƙwayar darma kusan 20 a lokaci guda, ba hayaƙi, ba ƙara mai yawa. Sojan Ostiriya sun yi aiki da ita daga 1780 zuwa wajen 1815, suka bar ta saboda wuyar gyara da wahalar famfo, domin sai an buga kusan sau 1,500 kafin ta cika. A 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, wasu Amurkawa biyu, Lewis da Clark, suka tashi ƙetare ƙasarsu zuwa tekun yamma da bindigar iska a cikin kayansu, suna nuna wa ƙabilun da suka tarar don a ji tsoronsu.

Irin ta Baba, mai sifirin, daga baya ta zo. A jikinta an rubuta Diana, da hoton wata mace ta yar da baka da kibiya tana ɗaga bindiga, hoton da Baba ya liƙe da salatif saboda a ɗakin yake nafila. Kamfanin da ke yin ta an kafa shi ne a garin Rastatt na Jamus a 1890, shekarar da aka yi waccan yarjejeniya ta Brussels. A Ingila kamfanin BSA ya fara tasa a 1905, Webley kuma ya fito da ƙaramarsa ta hannu, mai kamar libarba, a 1924. Bayan yaƙin duniya na biyu an kwashe injinan Diana an kai Birtaniya, har aka riƙa yin wata Diana a Sikotilan, shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya abin da suke fara dubawa shi ne ƙasar da aka rubuta. Tamu an rubuta mata Made in West Germany, ke nan an yi ta ne tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus ke rabe biyu. Daga baya na gano cewa kamfanin yakan buga wata da shekara da ƙananan lambobi a gefen ƙarfen da yawa daga cikin bindigoginsa. Na koma na duba hotunana ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kama wurin.

A Turai da Amurka akwai mutanen da tara waɗannan tsofaffin bindigogi shi ne abin sha'awarsu, suna da ƙungiyoyi da littattafai da ranakun gwanjo. Abin da na koya daga gare su biyu ne. Na farko, ba sa goge tsohon ƙarfe ya yi ƙyalli, domin a wurinsu tsufan shi ne darajar. Na biyu, bindigar da aka san labarinta, wane ne ya saye ta, a ina, wa ya gada, ta fi wadda ba a san komai a kanta ba nesa ba kusa ba. Mu kuwa labarin muke da shi a baki, ba mu rubuta ba, ƙarfen kuma muna jin tsoronsa.

Abin da doka ta ce

Kada wani ya karanta wannan ya ce na ce a tara bindigogi a gida. A Ingila dokarsu ta ware wasu tsofaffin bindigogi da aka ƙera kafin Satumba 1939, ta yarda a ajiye su don ado ko tarihi. Mu a nan dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku ne. Kashi na farko irin na soja ne da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Kashi na biyu ya haɗa da bindigar farauta ta zamani, kuma abin da zai ba mutane da yawa mamaki, har da bindigar iska, babba da ƙarama, duk sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu cin albarushi ta baki irin ta Kaka, su ma maganar lasisinsu tana hannun hukumar 'yan sanda. Wanda ya tare ka a hanya ba zai tambayi shekarun bindiga ba. Ta wannan fuska Baba ya fi ni gaskiya.

Sai dai akwai wata dokar da ba mu sani ba a lokacin, wato ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai hedikwata a nan Abuja. Ita ce ke da alhakin adana kayan tarihi, kuma ta hana a sayar da su ga kowa in ba wakilinta ba, ko a fitar da su waje ba da izini ba. Gidajen da ake ajiye irin waɗannan kaya kuwa muna da su. Akwai Gidan Makama a Kano. Akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda fadar sarki ce tun 1831 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, inda masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya ke jere, yara 'yan makaranta suna zuwa kallo. Da mun san hanya, da wataƙila yau bindigar Kaka tana irin wannan wuri da sunan gidanmu a ƙarƙashinta.

Kammalawa

Mu mazauna Mpape mun san zaman da muke yi. A 2012 an ce za a rushe garin, sai da aka yi shekaru ana shari'a kafin kotu ta tsayar a 2017. A Satumba 2018 ƙasa ta yi motsi a ƙarƙashinmu, wasu suka kwana a waje. Mutumin da ke zaune da shirin tashi kullum, abin da ya fara yarwa shi ne tsohon kaya. Na san gidajen da aka sayar da takobin gado, da tsohon sirdi, da tandu, da akwatin aure na kaka, saboda ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar tarihi da yara shida. Yaranmu da aka haifa a nan sun san hanyar Maitama da kasuwar Wuse, amma ka tambaye su mece ce Gwanja ka ji.

Shawarata ga duk wanda ke da irin wannan kaya, a nan ko a gida, ita ce kamar haka. Ka zauna da dattijon da ya fi kowa sanin labarinta tun yana da rai, ka ɗauki muryarsa a waya, ka rubuta sunayen waɗanda suka riƙe ta ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗauki hotonta ta kowane gefe da rana tsaka, musamman gindin bututu da duk inda ka ga rubutu ko hatimi, kada ka yi irin kuskurena. Kada ka goge ta da yashi, kada ka gwada harba ta, domin tsohon ɗuri yakan kwana a ciki shekaru. Kada kuma ka saka ta a mota ka kama hanya. Ka je wurin Sarkin Hausawan unguwarku ko mai unguwa, a samu lauya ko wani mai ilimi a cikinmu, a rubuta wa 'yan sanda da hukumar gidajen tarihi, su faɗi yadda za a miƙa ta, a kuma karɓi takardar shaida. Ina kira ga shugabanninmu na nan da su ɗauki wannan a matsayin aiki, domin mutum ɗaya tsoro zai ji, amma in jama'a ce ta je da wasiƙa, za a saurare ta.

Ƙanƙarar nan tana cikin wani ɗan gwangwanin alawa a akwatina, tare da jar fatar. Kwanan baya ƙanena ɗan aji huɗu ya gan ta ya ce, "Yaya, wannan dutsen na mene ne?" Na zaunar da shi na fara masa tun daga Gwanja. Baba yana gefe yana lissafin kanti, bai ce komai ba, sai da na zo kan sunan zangon da ayari ke kwana kafin a ƙetare Kwara na kakare, sannan ya ajiye biro ya karɓi labarin.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowane matafiyi gidansa. Wassalamu alaikum.

Naku, daga Mpape, Abuja.